Taskar Wasannin Labari na Kwamfuta, da Abin da Masu Nazarin Hausa Za Su Koya Daga Gare Ta

Akwai wani irin wasa na kwamfuta wanda ba shi da hoto ko kaɗan, sai rubutu zalla. Na'urar takan bayyana wa mai wasa inda yake, ko bakin kogo ko cikin kufai, sa'an nan ta dakata. Shi kuwa sai ya rubuta umurni gajere, kamar a ce "ɗauki fitila" ko "nufi arewa", ita kuma ta faɗa masa abin da ya auku. Watau dai tatsuniya ce wadda mai sauraro ke da hannu a cikinta, an kuma cika ta da kacici-kacici.

Na farkonsu shi ne Adventure, wanda Will Crowther ya tsara a Amurka wajen 1976, Don Woods ya faɗaɗa shi a 1977. A 1978 Scott Adams ya fito da Adventureland domin ƙaramar kwamfutar gida mai suna TRS-80. Kamfanin Infocom, wanda aka kafa a 1979, shi ya sayar da Zork. Dabarar Infocom ita ce abin lura. Ba su rubuta labarinsu domin na'ura guda ba. Sun rubuta shi da wani tsari nasu, kowace irin kwamfuta kuma aka yi mata ɗan tafinta mai karanta shi. Da aka rufe kamfanin a 1989, na'urorin nan kuma suka tsufa, labaran ba su mutu ba, gama abin da ake bukata kurum shi ne sabon tafinta.

A 1992 Volker Blasius ya buɗe taska a Jamus, wadda aka sani da IF Archive, inda ake tara wasannin da tafintocinsu a intanet. Ainihin rubutun Crowther ma, wanda aka daɗe ana zaton ya salwanta, an tono shi daga wani tsohon ajiya na Jami'ar Stanford, Dennis Jerz ya yi sharhinsa a 2007.

To, ina ruwan malamin Hausa da wannan? Ruwansa biyu ne.

Na fari, sha'anin nahawu. Duk wanda ya so tsara irin wannan wasa da Hausa lalle ya koya wa na'ura cewa "ɗauka" da "ɗauki fitila" da "ɗauke ta" aikatau guda ne, ƙarshensa ne ke sauyawa bisa ga abin da ya biyo baya, kamar yadda Parsons ya bayyana a 1960. Haka kuma na'urar ba za ta iya ba da amsa ba sai ta san ko "ka shiga" za ta ce ko "kin shiga". Turanci bai ɗora wa su Crowther wannan nauyi ba. Ɗalibin da aka sa ya warware wannan zai fahimci aikatau fiye da wanda ya hardace jadawali.

Na biyu, sha'anin ajiya, shi ne mafi nauyi. Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda aka fara a Zariya a 1939, ido kaɗai ya isa ya karanta su in takardar ta tsira. Amma waƙar da aka ɗauka a kaset, da kundin ɗalibin da aka ajiye a faifan filofi, ba su karantuwa sai da na'urarsu, na'urar kuwa tana ƙarewa a kasuwa. Da kyar mutum zai sami mai gyaran rediyon kaset ko a Sabon Gari nan gaba.

Saboda haka ya kamata sassan Hausa, da Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da ke Samaru, da kwalejojin horon malamai, su bi hanyar masu taskar nan: a juye abin da ke kaset da faifai tun da sauran na'urar karanta su, a rubuta sunan mai shi da shekararsa, a ajiye kwafe a wurare dabam dabam, a kuma bar ƙofa buɗe ga mai nema. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah ya sa mu dace.