Ranar da Kotun Ƙoli ta juya wa gwamnan soja baya saboda ɗan haya

A ƙarshen shekarar 1985 aka yi wata kora a Legas wadda har yau lauyoyin 'yan haya suke kafa hujja da ita. Wanda aka kora shi ne Chukwuemeka Odumegwu Ojukwu, madugun Biyafara, haifaffen Zungeru a 1933, wanda ya riƙe bataliya ta 5 a Kano a watan Janairun 1966.

Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, Ojukwu ya yi gudun hijira a Kwaddibuwa, har Shugaba Shehu Shagari ya yi masa afuwa ya dawo gida a 1982. Daga baya ya tare a gida mai lamba 29 a titin Queen's Drive da ke Ikoyi. Gidan na kamfanin mahaifinsa ne, Ojukwu Transport, amma gwamnatin Legas ta ce yana cikin dukiyar da aka gudu aka bari lokacin yaƙi, saboda haka ikonsa na hannunta. Ta ba shi notis ya kwashe kayansa.

Ojukwu ya garzaya babbar kotu a watan Oktoba, aka ba shi umarnin wucin gadi na hana korarsa, amma daga bisani alƙalin ya ƙi tsawaita shi. Sai ya ɗaukaka ƙara. Magana tana gaban kotu, ba a yanke komai ba, gwamnatin soja ta Gbolahan Mudasiru ta tura mutane kusan 150 ɗauke da makamai suka fitar da shi da ƙarfin tsiya.

A watan Nuwamba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a mayar da shi gidan. Gwamnati ta yi kunnen uwar shegu da umarnin, kuma duk da haka ta wuce Kotun Ƙoli tana roƙon a dakatar da wannan umarni.

Ranar 14 ga Fabrairu, 1986, alƙalai biyar suka ba da amsa: Obaseki, da Kayode Eso, da Oputa, da Sa'idu Kawu, da Muhammadu Lawal Uwais ɗan Zariya, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 1995 zuwa 2006. Baki ɗaya suka yi watsi da roƙon. Suka ce wanda ya take umarnin kotu ba shi da bakin neman alfarma a wajenta sai ya fara yin biyayya. Suka ƙara da cewa da zarar rigima ta shiga kotu, babu mai hurumin ɗaukar doka a hannunsa, ko da gwamnati ce. A tuna, zamanin mulkin soja ne, bindiga tana hannun wanda ya sha kaye a wannan shari'a.

Abin lura shi ne, a ranar kotu ba ta ce gidan na Ojukwu ba ne. Hanyar korar ta haramta. Wannan ita ce garkuwar talaka mai ɗaki ɗaya: ko ana bin sa bashin haya, mai gida ba shi da ikon cire ƙofa, ko yaye rufi, ko watsa kaya waje. A yawancin jihohin Nijeriya, idan babu wata yarjejeniya, mai biya wata-wata yana da notis na wata ɗaya, mai biya shekara-shekara na wata 6, sannan na kwana 7, sannan kotu.

Hukuncin Legas ba ya aiki a Gene ko Malanbil na Jamhuriyar Benin, amma ƙasar tana da tata dokar hayar gidan zama tun 2018, wadda ta hana karɓar kuɗin ajiya fiye da na wata 3.

Ojukwu ya yi nasara ne domin yana da lauyoyi da takardu. Mafi yawan 'yan haya ba su da ko ɗaya, shi ya sa ake korarsu cikin dare, sunansu ya ɓaci a bakin dillalai, su rasa mai ba su ɗaki. Nijeriya ta kafa Hukumar Ba da Agajin Shari'a tun 1976 domin marasa hali. Ɗan haya ya riƙa adana rasit, ya nemi a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, kuma ranar da notis ya zo ya nemi lauya kafin wa'adi ya cika.