Tallafin Horar da Malaman Harsuna Biyu a Amurka: Hanyar da Kuɗin Ke Bi da Tarkon da Ke Gefenta

A Amurka ba gwamnatin tarayya ce ke tafiyar da makarantun gwamnati ba, aikin yana hannun jihohi ne da kuma abin da ake kira gundumar makarantu, wato hukumar ilimi ta wani yanki, wadda galibi mazauna yankin ne ke zaɓen kwamitin da ke jagorantarta, kuma ita ce ke ɗaukar malamai, ta biya su albashi, ta tsara yadda za a koyar. Irin waɗannan gundumomi sun haura 13,000, kuma mafi yawan kuɗin da suke kashewa yana fitowa ne daga harajin gidaje da filaye na yankin da kuma baitulmalin jiha, yayin da kason tarayya ba ya wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma a yawancin shekaru. Sanin wannan tsari shi ne matakin farko na fahimtar tallafin da ake yawan jin labarinsa na horar da malaman harsuna biyu da ɗaukarsu aiki, domin kuɗin yana shiga asusun gunduma ne ko na jami'a, bisa sharuɗɗa da wa'adi, kuma da wuya ya zo hannun mutum kai tsaye. Wanda bai san haka ba shi ne dillalai suka fi saurin yi wa romon baka.

Bukatar malaman gaskiya ce. A shekarar 2021 yaran da aka yi wa rajista a matsayin masu koyon Ingilishi, wato waɗanda Ingilishinsu bai kai su bi darasi ba tare da taimako ba, sun kai kimanin miliyan 5.3, fiye da kashi 10 cikin 100 na ɗaliban makarantun gwamnati, kuma kusan kashi uku cikin huɗu daga cikinsu Sifaniyanci suke yi a gida, sauran kuma Larabci da Sinanci da harshen Biyetnam da wasu ɗaruruwan harsuna. Koyarwa da harsuna biyu na nufin a koya wa yaro lissafi da kimiyya da karatu da harshen gidansu tare da Ingilishi. Akwai tsarin da ke amfani da harshen gida na 'yan shekaru kawai kafin a mayar da yaro ajin Ingilishi zalla, akwai kuma wanda ke haɗa yaran da Ingilishi ne harshensu na gida da waɗanda ba shi ne nasu ba a aji guda, da nufin kowa ya fita da harsuna biyu. Malamin da zai riƙe irin wannan aji yana bukatar digiri da lasisin koyarwa na jiha, sannan da ƙarin shaidar ƙwarewa da ake samu bayan wasu kwasa-kwasai da jarrabawar harshe, don haka iya magana da harsuna biyu kaɗai ba ya sa a ba mutum aji.

Tushen wannan tallafi yana cikin Dokar Ilimin Harsuna Biyu ta 1968, wadda Sanata Ralph Yarborough na jihar Teksas ya gabatar, Shugaba Lyndon Johnson kuma ya sa mata hannu. Bayan shekara shida, a 1974, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Lau da Nichols, wadda ta shafi yara kimanin 1,800 'yan asalin Sin a birnin San Faransisko da aka zaunar a aji ba tare da wani taimako na harshe ba, inda kotun ta nuna cewa ba wa kowane yaro littafi ɗaya da malami ɗaya bai zama adalci ba idan wani yaron ba ya jin abin da ake faɗa. Wata kotun ɗaukaka ƙara ta ƙara fayyace lamarin a 1981, a shari'ar Castañeda da Pickard, ta ce dole shirin gunduma ya ginu kan ingantaccen nazari, a ba shi isassun malamai da kayan aiki, sannan a duba ko yana haifar da sakamako. Sharaɗi na biyu, wato isassun malamai, shi ne ya gagari gundumomi da yawa har yau.

Jihar Kalifoniya ta nuna yadda ƙarancin ke samuwa. A 1998 masu zaɓe suka amince da ƙuduri mai lamba 227, wanda ya taƙaita koyarwa da harsuna biyu ƙwarai, daga nan jami'o'i suka rage kwasa-kwasan horar da irin waɗannan malamai, waɗanda suke da shaidar kuma suka koma azuzuwan Ingilishi zalla. Da jama'a suka sauya ra'ayi a 2016 suka soke takunkumin da ƙuduri mai lamba 58, sai aka tarar da iyaye na neman azuzuwan amma babu masu koyarwa, domin shekara 18 aka yi ba a shuka ba, ga shi kuma ana neman girbi. Jihar ta ware dala miliyan 5 a 2017 don shirin horar da malaman harsuna biyu, ta sake ware dala miliyan 20 a 2023. Jihar Ilinoi ma ta raba wa gundumominta dala miliyan 5 a 2023 don taimaka wa malaman da ke koyarwa da lasisin wucin gadi su kammala samun cikakke.

A matakin tarayya, dokar 1968 ta kau a 2002, aka maye gurbinta da abin da ake kira Babi na III na dokar ilimin firamare da sakandare, wanda ya fi karkata ga koyon Ingilishi, kuma ta nan ne ake raba wa jihohi kuɗi gwargwadon yawan yaransu masu koyon Ingilishi da baƙin haure, jihohi kuma su raba wa gundumomi. Adadin ya kai dala miliyan 890 a 2024, wanda yake da girma a kunne, amma idan aka raba shi da yawan yaran bai kai dala 200 ga kowane yaro a shekara ba. Daga cikinsa akwai wani kaso da ake ba jami'o'in da suka haɗa gwiwa da gundumomi, na tsawon shekaru da ba su wuce biyar ba, don horar da malamai. Doka ta hana gunduma ta yi amfani da kuɗin wajen biyan abin da dama wajibinta ne ta biya daga aljihunta, an yarda ne kawai ya zama ƙari a kan abin da take yi. Abin da aka fi kashe irin wannan tallafi a kai shi ne kuɗin kwas da kuɗin jarrabawar lasisi da ɗan alawus, musamman ga mataimakan malamai, wato ma'aikatan aji da ba su da lasisi, waɗanda da yawansu 'yan unguwa ne masu jin harshen yaran. Wannan hanya ta ɗaga na gida ita ce mafi ma'ana cikin duk dabarun, saboda mataimakiyar da ta yi shekaru tana taimakon yara a makarantar unguwarsu ba ta cika barin aikin bayan shekara biyu ba.

Sai dai tallafi yana da ranar ƙarewa, kuma siyasa na iya tsayar da shi ba zato ba tsammani. A watan Yulin 2025 gwamnatin tarayya ta riƙe sama da dala biliyan 6 na kuɗin ilimi, har da na Babi na III, na wasu makonni kafin ta sake su, a daidai lokacin da gundumomi ke shirin buɗe makarantu. Saboda haka duk wanda aka yi wa tayin shiga shirin horo ya kamata ya nemi a rubuta masa abubuwa uku kafin ya sa hannu: shekara nawa tallafin zai ɗauka, wa zai biya ragowar kuɗin kwas idan ya yanke a tsakiya, da kuma shekara nawa aka ɗaure shi ya yi wa gundumar aiki bayan ya gama.

Batun ɗauri ya fi fitowa fili a tallafin tarayya mai suna TEACH, wanda aka kafa a 2007, kuma yana cikin 'yan kaɗan da ake bayarwa da sunan ɗalibin kansa. Yana iya kaiwa dala 4,000 a shekara, ilimin harsuna biyu kuma yana cikin fannonin da ake bayar da shi, amma sharaɗinsa shi ne mai karɓa ya koyar cikakken lokaci na shekara huɗu cikin shekara takwas bayan kammala karatu, a fannin da ake da ƙarancin malamai, a makarantar da ke hidimar 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. Wanda bai cika ba, dukan kuɗin yana rikiɗewa ya zama bashi, kuma ana lissafa kuɗin ruwa tun daga ranar da aka ba shi, ba daga ranar da ya saɓa ba, abin da ke da nauyi na musamman ga Musulmin da ke gudun riba. A 2018 binciken gidan rediyon NPR ya bankaɗo cewa dubban malamai da suke kan cika alƙawarinsu an mayar musu da tallafin bashi saboda ƙananan kurakurai ko jinkiri a takardun da ake aikawa, har sai da ma'aikatar ilimi ta buɗe hanyar sake duba ƙorafinsu. Tallafin na 'yan ƙasa ne da wasu rukunin mazauna da doka ta amince da su, kamar masu katin zama na dindindin, kuma takardar FAFSA da ake cikewa don nemansa kyauta ce, don haka duk wanda ya nemi a biya shi don ya "fitar" da tallafin ɗan damfara ne.

Haɗarin ya fi girma ga malamin da ke wajen Amurka. Gaskiya ne wasu gundumomi suna ɗauko malamai daga ƙetare, kuma ƙasar Sifen tana da shirin tura malamai zuwa makarantun Amurka tun 1986, amma hanyoyin sanannu ne: bizar J-1, wadda ke bukatar digiri da gogewar koyarwa ta aƙalla shekara biyu, ake bayarwa ta hannun ƙungiyoyin da ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta amince da su, na shekara uku da za a iya ƙara wa biyu, ko kuma bizar H-1B, wadda mai ɗaukar aiki ne ke nema. Ko a waɗannan hanyoyi na halal an cuci mutane. Malamai kimanin 350 'yan Filifin da wani kamfanin dillanci ya kai makarantun jihar Luwiziyana sun biya har kimanin dala 16,000 kowannensu, da yawa ta hanyar cin bashi, sai a 2012 wata kotun tarayya ta ba da umarnin a biya su diyyar dala miliyan 4.5. A 2011 kuma ma'aikatar ƙwadago ta tilasta wa gundumar Prince George's da ke jihar Merilan mayar da dala miliyan 4.2 ga malamai baƙi sama da 1,000 da aka sa su biya kuɗin biza da ya kamata gundumar ta biya. Ga shi kuma ƙa'idojin shiga Amurka sun tsananta tun 2025 ga 'yan ƙasashe da dama, har da Chadi da Sudan. Saƙon da ke yawo a WhatsApp ko Facebook, yana cewa wata gunduma na neman malaman Hausa kuma a tura kuɗin fom zuwa wani asusu, bai dace da ko ɗaya daga cikin hanyoyin nan ba, domin gunduma tana tallata gurabenta a shafinta na intanet, sunayen ƙungiyoyin da ke da izinin bizar J-1 kuma suna shafin ma'aikatar harkokin waje, inda kowa zai iya dubawa.

Ga Hausawa mazauna Amurka, kamar na unguwar Bronx a birnin Niyok inda 'yan Gana da Nijar da Nijeriya suke da yawa, abin da ya fi shafarsu shi ne takardar tambayar harshen gida da ake cikewa ranar sa yaro a makaranta. Da amsar da ke cikinta ake tantance wanda za a gwada Ingilishinsa, da ita kuma ake ƙidaya masu kowane harshe, ƙidayar kuma ita ce ke tilasta wa gunduma buɗe aji. A Teksas, idan yara 20 masu harshe ɗaya da ke koyon Ingilishi suka haɗu a mataki ɗaya na firamare a cikin gunduma, wajibi ne a samar musu da koyarwa da harsuna biyu, a Ilinoi kuma ana ƙirga 20 ɗin ne a makaranta guda. Uban da ya rubuta Ingilishi ko Faransanci saboda shi ne harshen gwamnati a ƙasarsu, ko don tsoron kada a raina ɗansa, alhali Hausa ake yi a gida safe da yamma, ya goge Hausa daga lissafin da hannunsa. Tsoron cewa harshen gida zai hana yaro Ingilishi ma ba shi da ƙarfi: binciken da cibiyar RAND ta yi tare da abokan aikinta a makarantun birnin Portland, inda ake shiga azuzuwan harsuna biyu ta hanyar ƙuri'a, ya gano cewa yaran da suka shiga sun zarce takwarorinsu a karatun Ingilishi da kimanin wata bakwai a aji biyar, da kimanin wata tara a aji takwas.

Doka ta ba iyaye haƙƙoƙin da ba su rataya ga samuwar tallafi ba. Hukuncin Kotun Ƙoli na 1982 a shari'ar Plyler da Doe ya haramta hana yaro makarantar gwamnati saboda rashin takardun zama, kuma wajibi ne makaranta ta sanar da iyaye cikin kwana 30 da fara shekarar karatu idan an sa ɗansu a shirin masu koyon Ingilishi, ta bayyana musu irin shirin da harshen da za su fahimta gwargwadon iko, kuma suna da damar ƙin amincewa. Da yake masu Hausa a kowace gunduma ba su da yawa idan aka kwatanta da masu Sifaniyanci, abin da ya fi kusa da samuwa shi ne tafinta a taron iyaye da mataimakin malami mai jin Hausa a cikin aji, kuma irin wannan mataimaki ne tallafin horo zai iya kaiwa ga lasisi. Zaman kwamitin gunduma a buɗe yake ga jama'a, ana ware lokacin da mazauna ke tsayawa su yi magana, kasafin kuɗin kuma takarda ce da kowa ke da ikon gani, don haka ƙungiyar iyaye ko kwamitin masallaci na iya tura wakili ya tambayi nawa gundumar ta karɓa daga Babi na III a bana, nawa aka kashe wajen horar da ma'aikata, da kuma ko mataimakan da ke jin harsunan Afirka ta Yamma suna cikin waɗanda aka zaɓa.