AGOGON ALJIHU: KYAUTAR DA KE RIƘE AMANA

A shekara ta 1826, wani Bature ɗan Birtaniya mai suna Clapperton ya iso wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗauke da gaisuwa daga Sarkin Ingila. Cikin kayan akwai bindigogi, da alharini, da littattafan Larabci, akwai kuma agogon zinariya. A wancan zamani maza ba su ɗaura agogo bisa hannu. Cikin aljihu ake sa shi, a rataya masa sarƙa. Tun daga lokacin, har ma kafin nan, agogon aljihu yana cikin kyaututtukan da ake girmama mutum da su. Dalilin wannan yana cikin tarihinsa.

Daga maƙera zuwa aljihu

Agogunan farko na Turai manya ne, nauyin da aka rataya musu shi ke tafiyar da su, don haka ba su ɗaukuwa. Sai da maƙera suka gano dabarar naɗe siririn ƙarfe, wanda ke warwarewa sannu sannu yana juya haƙoran agogo, sannan aka iya ƙera ƙanana. Wajen shekara ta 1510, wani maƙerin makullai a birnin Nurembag na ƙasar Jamus, Peter Henlein, ya yi suna wajen ƙera irin waɗannan. A wuya ake rataya su. Tsinke ɗaya gare su, na sa'a, kuma kuskurensu yana da yawa ƙwarai, har ado ya fi amfani yawa gare su.

A 1675 wani masani ɗan ƙasar Holan, Christiaan Huygens, ya ƙara wa agogo wata waya siririya tamkar gashi, wadda ke daidaita bugunsa. Kuskure ya ragu zuwa mintoci kaɗan a yini, aka kuwa samu dalilin ƙara tsinke na biyu, watau na minti. Cikin wannan ƙarni ne Sarkin Ingila Charles na biyu ya fito da yayin sa falmaran, a 1666. Agogo ya sauka daga wuya ya shiga aljihu, aka yi shi faifai mai santsi don kada ya yaga tufa.

Shekaru da yawa sai masu hali ke mallakarsa, domin kowane guda da hannu ake ƙera shi. Cikin shekarun 1850 masana'antar Waltham ta Amurka ta fara yin kayan cikinsa da inji, duk girma ɗaya. A 1867 kuma, a ƙasar Suwis, Georges Roskopf ya fito da agogo mai arha domin leburori. Daga nan talaka ma ya san ƙarfe nawa.

Minti huɗu

Wanda ke ganin agogo kayan ado ne kawai, ya dubi abin da ya faru a Kipton, cikin jihar Ohayo ta Amurka, a watan Afrilu na 1891. Agogon wani ma'aikacin jirgin ƙasa ya tsaya har minti huɗu, sannan ya ci gaba da tafiya, mai shi bai sani ba. Yana tsammani da sauran lokaci kafin ya kauce wa jirgin da ke tafe. Jiragen biyu suka yi karo, aka yi hasarar rayuka. Bayan wannan hatsari aka ɗora wa wani mai sayar da agogo, Webb Ball, aikin binciken agogunan ma'aikata. Aka kafa ƙa'ida cewa agogon ma'aikacin jirgi kada ya wuce ko ya rage fiye da sakan 30 cikin sati guda, kuma dole a riƙa kai shi ana dubawa.

Yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918 shi ya rage masa kasuwa. Sojan da ke riƙe da bindiga ba shi da hannun laluben aljihu, sai aka koma ga na hannu. A 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon hannu mai aiki da pil, wanda ba ya bukatar a wana shi. Yau wayar hannu ma tana faɗin lokaci.

Me ya sa ake ba da shi har yanzu?

Dalili na farko shi ne daɗewa. Agogon kirki yakan wuce mai shi, wani lokaci har da maƙerinsa. A 1783 aka ba Abraham-Louis Breguet, mashahurin maƙerin agogo na birnin Paris, aikin wani agogo domin Sarauniya Marie-Antoinette, aka ce kada ya damu da tsada ko da lokaci. An kashe sarauniyar a 1793, Breguet ya mutu a 1823, ba a gama aikin ba sai a 1827. Agogon yana nan har yau cikin wani gidan tarihi a birnin Ƙudus.

Na biyu, yana da wurin ajiye magana. Bisa marfinsa akan zana sunan mai shi, da shekara, da dalilin kyautar. Shi ya sa a Turai da Amurka aka saba ba da shi ga ma'aikacin da ya gama shekarun aikinsa, ko ga ango, ko ga ɗan da ya kammala karatu. Wani rubutun ma a ɓoye yake. A watan Afrilu na 1861, wani mai gyara, Jonathan Dillon, yana cikin aikin agogon shugaban Amurka Abraham Lincoln sai labarin ɓarkewar yaƙin basasa ya iso. Ya zana ƴan kalmomi cikin agogon, ya rufe. A 2009 aka buɗe shi a birnin Washinton, aka tarar da rubutun.

Na ukku shi ya fi muhimmanci. Agogon aljihu na asali ba ya tafiya sai an kula da shi. Wani guda yakan kai shi yini da kwana da ɗan ƙari, don haka kowace safiya mai shi zai ciro shi, ya murɗa kansa a hankali, ya tsaya da zarar ya ji ya yi tauri. Zai kiyaye shi daga ruwa da faɗuwa, ba zai buɗe bayansa cikin ƙurar hunturu ba, kuma bayan ƴan shekaru zai kai shi ga mai gyara a wanke a sa masa mai. Kowace safiya ke nan zai tuna wanda ya ba shi.

Saboda haka mai niyyar wannan kyauta ya dubi halin wanda zai ba kafin ya dubi zinariyar marfi. Idan mutum ne mai cika alkawari, mai isa wurin aiki bisa lokaci, to, an ba mai kaza kai. Idan kuwa mai sakaci ne, kwana biyu agogon zai tsaya cikin akwati, jikoki su tarar da shi ya yi tsatsa.