Muhimmancin Daidaito Wajen Harhaɗa Ƙaramin Jirgi Mai Saukar Ungulu

Ƙaramin samfurin jirgi mai saukar ungulu da ake sarrafawa da rimot yakan zo ne a kwali, gunduwa-gunduwa. Akan fara haɗa injin da farfeloli biyu, a gwada su, kafin a lulluɓe su da gangar jikin da ke kwaikwayon jirgin gaske.

Idan babbar farfela tana juyawa, jirgin kan nemi juyawa ta kishiyar fuska; farfelar wutsiya ke hana shi. Wannan tsari Igor Sikorsky ya bi a jirginsa VS-300 a 1939.

Haka kuma, wajibi ne a auna fukafukan babbar farfelar har nauyinsu ya zo ɗaya, domin ɗan bambanci kan haddasa girgizar da ke kwance notuna, jirgin ya tarwatse a sama.