Sana'ar Ciyar Da Matafiyi A Bakin Iyakar Jibiya

Duk wanda ya tashi daga birnin Katsina ya miƙi hanyar yamma da niyyar ya kwana Maraɗi, ba makawa sai ya ratsa ƙasar Jibiya, ya tsaya a Magama inda jami'an kwastan da na shige da fice suke duba kaya da takardu, kafin ya ƙetara zuwa Ɗan Isa ya sake tsayawa gaban jandarmomi da ma'aikatan duwan na Jamhuriyar Nijar. Kuma da yake tsayawar nan ba ta da ajali sananne, wata rana sa'a guda, wata rana kwana da kwanaki, sai aka sami wata sana'a da ta tsiro a kan jiran kansa, watau ciyar da matafiyi. A kanta nake nufin in yi bayani, domin a ganina babu ma'aunin da ke nuna lafiyar garin Jibiya kamar yawan murahun da ake hurawa a bakin titi da asuba, kuma babu waɗanda buɗe iyaka da rufe ta ke taɓawa da gaggawa kamar masu waɗannan murahu, alhali su ne ba a tunawa da su ranar da ake yanke hukunci.

Sana'ar ta girmi iyakar nesa ba kusa ba. Tun zamanin da ayarin fatake ke sauka a zango da jakuna da raƙuma akwai fatoma, mai ba baƙo masauki da wurin ɗaure dabba, matan gidansa kuma su dafa masa abin da zai ci. Asalin abin kuwa haƙƙi ne da Shari'a ta ɗora, domin ta ba baƙo liyafar kwana uku, ta kuma sanya ibnus sabili, matafiyin da guzuri ya yanke masa, cikin kashi takwas da ake ba zakka. Sa'ad da matafiya suka fi ƙarfin karamcin mai gida ɗaya sai abin da yake sadaka ya koma ciniki, ba tare da ya rabu da ɗabi'arsa ta farko ɗungum ba. Ita kuwa ƙasar da ke tsakanin Katsina da Maraɗi ta daɗe da sanin yankewar hanya, tun da jama'ar Shehu suka ci Katsina a 1807, sarakunanta na Haɓe suka yi arewa har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi, aka shekara da shekaru ana kai wa juna hari. Sa'an nan Turawan Ingila da na Faransa suka auna ƙasa tsakanin 1906 da 1908, suka kakkafa alamu, suka raba mutanen da harshensu ɗaya ne, tuwonsu ma ɗaya. Daga nan aka sami ƙofa wadda wani da ke zaune can nesa yake da ikon buɗewa da rufewa.

Wanda bai san wurin ba, in ya ji an ce gidan abinci, zai zaci gini mai ƙofar gilashi irin na unguwannin Kano. Akwai 'yan kaɗan masu ɗaki da tebur da fanka, inda ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai ɗan hali zai zauna ya ci shinkafa da miya da nama, amma galibin abin da ke ciyar da Jibiya rumfa ce ta kwano ko ta zana, da benci, da tukunya a kan duwatsu uku. Da an idar da sallar asuba mai shayi ya riga ya tafasa ruwansa, ya jera burodi da ƙwai da gwangwanayen madara, direban tirela da ya kwana ƙarƙashin motarsa shi ne farkon mai zama a bencinsa, a nan kuma ake jin labarin hanya tun rediyo ba ta faɗa ba: wane shinge aka ƙara, nawa sefa ta kwana, wa aka kama da kaya jiya. Gefe guda mai koko da ƙosai ta ɗora kasko, 'yan talla sun fito daga gidajen da matan aure ke girki a cikin kulle, ɗauke da waina da ɗanwake da alala. In rana ta take sai ciniki ya koma wurin masu garau-garau, shinkafa da wake da mai da yaji, abincin ɗan dako da ɗan kamasho da ɗan kabu-kabu, saboda yana riƙe ciki kuma ana zuba shi gwargwadon aljihun mutum. Matan Fulani na zaune a inuwa da ƙoren nono da fura, wadda har gobe ita ce abin da Bakatsine da mutumin Maraɗi suka yi ittifaƙi a kansa ba jayayya. Da la'asar mahauci ya hura tukuba, tsire da balangu su fara ƙamshi, bayan magariba kuwa sai tuwon dawa ko na masara da miyar kuka, da soyayyen kifin da ake kamowa a madatsar ruwan da aka gina a kan kogin Gada a ƙarshen shekarun 1980. Ranar Lahadi, da kasuwar garin ke ci, duk wannan ninkuwa yake yi, domin mutanen Madarumfa da na Maraɗi da na ƙauyukan Zamfara suna sauka, mai tuwo ta karɓi naira ta karɓi sefa, ta kuma san canjin ranar ba sai ta tambayi ɗan canji ba.

Buɗe irin wannan rumfa ba ya bukatar jari mai yawa, wannan shi ne alherinta, shi ne kuma rauninta. Mace ta kwashi adashi, ko ta sayar da akuya, ko ɗan'uwa ya ranta mata, ta sayi tukunya da kwanoni, ta karɓi tiya biyu ko uku ta shinkafa bashi wurin mai awo bisa sharaɗin ta biya da yamma. Abin da ta sayar yau da shi za ta yi cefanen gobe, ribar kuwa sau da yawa ba kuɗi ba ce, ita ce 'ya'yanta sun ci daga tukunyar, almajirin da ke wanke mata kwanoni ya sami ƙanzo da saura. Sa'an nan dukan mu'amalar a kan amana take tafiya, ɗan dako ya ci da safe ya ce sai an sauke kaya, yaron mota ya ci kwana uku ya ce sai maigidansa ya sallame shi, ita kuwa ba ta iya hana wanda ta san yunwa ke cinsa, wannan shi ne ragowar karamcin fatoma. To, sana'ar da ke juya jarinta kullum ba ta jure tsayawar mako guda, domin hajarta ba ta ajiyuwa. Mai atamfa in kasuwa ta mutu sai ya naɗe kayansa ya jira, amma mai tuwo in ta tuƙa ba a saya ba, asara ta tabbata kafin gari ya waye.

Tsayawar da aka gani kuwa ta wuce ta mako guda. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai Maris na 1986, abin kuma ya haɗu da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan lokaci sunan El-Buhari. A Agusta na 2019 aka sake rufewa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa da fetur, a Nuwamba aka hana kai mai gidajen man da ke tsakanin kilomita 20 daga iyaka. Da aka tashi sassautawa a Disamba na 2020, Illela da Maigatari aka buɗe a arewa, ita Jibiya sai Afrilu na 2022, bayan shekara biyu da wata takwas. A tsakiyar wannan jira, a ƙarshen daminar 2021, gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar tsaro saboda 'yan bindigar daji, aka rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka hana sayar da dabbobi a kasuwar garin, aka hana motoci ɗauko itace daga daji, aka kuma katse layukan waya na wasu watanni. Mai karatu ya dubi abin da wannan ke nufi ga mai girki: mai saye ya yanke daga arewa, ya yanke daga yamma, mahauci ba ya samun dabbar yanka sai da wahala, itace ya yi tsada. Ba a gama farfaɗowa ba ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya zo, a ƙarshen Mayu aka cire tallafin mai, ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, ƙofar Magama ta sake rufewa har Maris na 2024. A kwanakin farko na irin wannan rufewa masu abinci kan ga kamar kasuwa ce ta buɗe, saboda manyan motoci sun yi jerin gwano ba gaba ba baya, direbobi na ci safe da yamma. Amma da zarar guzurinsu ya ƙare sai cin ya koma bashi, ranar da suka juya da motocinsu kuwa da bashin suke tafiya.

Ba na cikin masu cewa hukuma ba ta da hujja. Shinkafar waje ta daɗe tana kashe wa manomin Kebbi da na Haɗeja kasuwa, makamai kuma ta waɗannan dazuzzuka suke kurɗawa, malaman usulu ma sun kafa ƙa'ida cewa tunkuɗe ɓarna ana gabatar da shi a kan jawo amfani. Amma su dai malaman sun kafa wata kusa da ita, cewa larura gwargwadonta ake auna ta, kuma ba a gusar da cuta da cuta irinta. Abin da ya bayyana a fili shi ne babban ɗan fasa-ƙwauri bai rasa hanya ba, ya bi daji da babura cikin dare ya ƙara kuɗin wahalarsa a kan buhu. Wadda ta rasa hanya ita ce mai tukunya, da ba ta taɓa ƙetarewa da ko mudu ɗaya ba, ba ta kuma da suna a littafin wani ofis, balle a nemi jin yadda ta kwana. Suratu Ƙuraishi ta ambaci fataucin mutanen Makka tare da ƙoshi da aminci a matsayin ni'imomi masu tafiya tare, mazaunin garin iyaka kuwa ya ga tafsirin wannan da idonsa.

Akwai kuma abin da masu ba da sanarwa ba su cika lura da shi ba, watau ƙofa a yini ɗaya ake buɗe ta, rumfa kuwa ba haka ba. Matar da ta yi shekara biyu ba ciniki ta riga ta cinye jarin, ta sayar da babbar tukunyar lokacin jinyar yaro ko aurar da 'ya, mai awo ya daina ba ta bashi, wurin zamanta ma wani ya kafa tasa rumfar. Masu cike gurbin sau da yawa mata ne da tashin hankali ya koro daga ƙauyuka irin su Shimfiɗa, suka shigo gari da yara, ba gona ba dabba, suka kama suyar awara da ƙosai domin ita ce sana'ar da kasko ɗaya ya isa a fara ta. Saboda haka baƙo na iya ganin masu suya sun yawaita ya ɗauka arziki ne ya ƙaru, alhali masu sayarwa ne suka rinjayi masu saye. Faɗuwar naira gaban sefa ita ma fuska biyu gare ta, domin mutumin Nijar na shigowa da kuɗi mai ƙarfi ya ci tsire ba tayi, mai nama ya yi murna, amma ƙarfin nan ne ke janye gero da masara da wake zuwa ƙetare, har tiya ta gagari mai tuwo, ta koma rage malmala tun da ba ta iya ƙara wa ɗan dako kuɗi. Sulhun da aka ƙulla da 'yan bindiga a farkon 2025 ya sa hanyoyi sun ɗan saki, mutanen ƙauye sun koma cin kasuwa, Allah Ya dawwamar da zaman lafiyar.

Kada dai tausayi ya hana a gaya wa masu sana'ar gaskiya, cewa abinci a buɗe bakin titi cikin ƙura da ƙuda, da ruwan wanke kwano guda tun safe har rana, da man suyar da ya yi baƙi ana ta maimaita shi, duk cin amanar mai saye ne. Yahaya bin Umar, malamin Malikiyya na Ƙairawan, ya rubuta Ahkamus Suƙ tun ƙarni na uku na Hijira, ya yi magana a kan mai gasa gurasa da mahauci da mai surka nono da ruwa, da abin da ya wajaba mai kula da kasuwa ya yi da su. Dattawanmu kuma sun ga zamanin duba-gari na En'e. Sai dai hisba nauyi biyu ce, hukumar da ke yanka wa rumfa tikiti wajibinta ne ta kai mata famfo da magudana kafin ta tuhume ta da ƙazanta.

Abin da ke tafe shi ne jirgin ƙasa. A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke ginawa, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Jama'a na murna, sun kuwa cancanci su yi, amma mai nazari zai lura cewa sana'ar da muke magana a kai jira ne ya haife ta, jirgi kuwa domin rage jira aka yi shi. Kayan da tireloli ke ɗauka, kowace da direba da yaransa masu cin abinci sau uku a yini, in ya koma kan tarago mutum kaɗan ne za su rako shi. A ɗaya ɓangaren tasha kan tara jama'a, kamar yadda Funtuwa da Gusau da Ƙauran Namoda suka bunƙasa bayan dogo ya isa gare su a ƙarshen shekarun 1920. Wanne daga cikin biyun zai sami Jibiya ya danganta ne da yadda za a raba filin da ke kewaye da tashar, domin in aka bari sai an gama gini, masu hannu da shuni na Katsina da Kano ne za su kama shagunan tun ba a shafa musu fenti ba. Shawarata ga shugabannin ƙaramar hukuma da hakimi da ƙungiyar 'yan kasuwa ita ce tun yanzu a rubuta sunayen masu abinci na Magama da na tashar mota da na kasuwar Lahadi, a san waɗanda suka jure da waɗanda rufewar iyaka ta karya, a ware musu layin rumfuna mai ruwa da magudana a bakin tashar, bisa haya da ake biya mako-mako, domin da wuya a sami mai tuwon da za ta iya biyan ta shekara a dunƙule.