3.4 Farautar Gada a Ƙaramin Kurmi Idan Iska Ba Ta Yi Daidai Ba

A ƙasar Rano da Kibiya noma ya ci mafi yawan daji, ta yadda abin da ya rage wa maharbi shi ne ƙananan kurame na sabara da geza da sarƙaƙiya a gindin duwatsu da bakin rafuka. Dajin Falgore kuwa gandun gwamnati ne, an hana farauta a cikinsa. A irin waɗannan kurame gada ce aka fi samu, domin barewa dabbar fili ce, kuma ta yi ƙaranci ƙwarai.

Gada ta fi dogara da hancinta da kunnenta a kan idonta. Saboda haka ƙa'idar maharbi ita ce ya sa iska ta riƙa dukan fuskarsa, wato ta taso daga wajen dabbar zuwa gare shi. Kafin ya shiga kurmi yakan ɗebi toka ko lallausar ƙasa ya saki kaɗan-kaɗan, ya ga inda ta nufa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa, don haka ta kudu maso yamma ake shiga. Amma a gindin dutse lissafin kan rushe, domin da hantsi iska mai ɗumi takan hau dutsen, da almuru kuma mai sanyi ta gangaro, a tsakani ta yi ta juyawa.

A nan ne ƙanƙantar kurmi take zama matsala. A babban daji maharbi kan yi dogon zagaye ya ɓullo wa dabba ta inda ya so. A ƙaramin kurmi babu wannan sarari. Da zarar ya taka gefen da bai dace ba, warinsa ya game wurin baki ɗaya. Gadar da aka firgita kuwa takan yi kwanaki ba ta fito da rana ba, ko ma ta sake kurmi. Ke nan kuskuren safiya ɗaya kan jawo asarar mako guda.

Don haka gwanaye kan bar sanɗa su koma kwanto a wajen kurmin, kusa da kanya ko ɓauren da 'ya'yansa ke zuba, inda sawu da kashin gada suka nuna tana kiwo. Idan su biyu ne, sai su mori iskar: ɗaya ya shiga da gangan ta inda warinsa zai kai ga dabbar, ɗayan ya tsare mafita. Wasu kan dogara da layar zana ko kan burtu, sai dai shi burtu ido kawai yake ruɗawa, ba ya toshe hanci. Idan iskar ta ƙi tsayawa wuri ɗaya, tsofaffin maharba kan rataye kwari su koma gida, su jira asubahin gobe.