Shin Babur Na Buƙatar "Fetur Mai Ƙarfi" A Nguru Da Gashuwa?

Nakan ji masu babura a Nguru da Gashuwa suna cigiyar "fetur mai ƙarfi". Abin da suke nufi shi ne oktan, wato ma'aunin juriyar fetur ga kamawa da wuta tun lokaci bai yi ba, abin da ke sa inji ƙwanƙwasa. A tudu irin na Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, iska ba ta da kauri, saboda haka buƙatar oktan kan ragu. Garuruwanmu kuwa ba su kai mita 400 ba, kuma zafin bazara na ƙara ƙwanƙwasar. Duk da haka, feturin gidan mai ya ishi Bajaj ko Jincheng. Ni dai na 'yan bumburutu nake tsoro, domin in an gauraya shi da kananzir, oktan ɗinsa faɗuwa yake yi, inji ya lalace.